Wa Zai Iya Zana Buta A Cikinmu?

Ga wata jarrabawa da babu ita a jadawalin samasta, kuma ba malamin da zai ba ka maki a kanta. Ka ɗauki butar roba, irin wadda ke ƙofar kowane ɗaki a hostel, ka ajiye ta gefen laftof ɗinka, ka buɗe AutoCAD ko SolidWorks ko duk manhajar da kake taƙama da ita, ka zana ta gaba ɗayanta: cikin da ya kumbura, wuyan, hancin da ruwa ke fita, da mariƙin da ya lanƙwaso ya manne a jiki. Kuma ka zana ta yadda mai yin mazubin roba zai karɓi fayil ɗin ya hau aiki ba tare da ya kira ka a waya ba.

Mu 'yan ND II da muke shirin ajiye biro nan da 'yan watanni, mutum nawa ne a cikinmu za su iya? Duk mun yi kwas ɗin CAD, mun ci jarrabawarsa, wasu har da A. Mun iya zana faranti mai huji huɗu, mun iya shaf da kusa da noti. Amma da zarar abu ya daina zama akwati ko bututu, sai hannu ya tsaya, sai ka ji ana cewa "ai wannan na manya ne". To ni ban yarda ba. Ra'ayina shi ne, wannan fanni da malamai ke kira safes modalin, wanda ni zan kira ƙirar fata, aikin ɗan difloma ne, kuma ya kamata a fara shi tun a shekarar farko. Barin sa sai an je HND, ko sai wani kamfani ya koya wa mutum, asara ce da muke jawo wa kanmu.

Dunƙule da fata

Hanyar da aka fara koya mana ita ce ƙirar dunƙule. Ka zana murabba'i ko da'ira, ka ja ta sama da ekstirud ta zama bulo, ka huda, ka yanke, ka sa filet a kusurwa. Kwamfuta ta san cikin abin da wajensa, tana iya gaya maka nauyinsa idan ka ce mata da ƙarfe za a yi shi. Hanya ce mai kyau, kuma yawancin sassan inji da ita ake zana su.

Ƙirar fata kuwa tamkar aikin tela ce. Kana gina bangon abin ne kawai, wanda ba shi da kauri ko kaɗan, ƙyalle bayan ƙyalle. Kowane ƙyalle kai ne za ka zana layukan gefensa, ka faɗa masa yadda zai lanƙwasa da yadda zai haɗu da maƙwabcinsa. Idan ka gama, sai ka ɗinke su. In ɗinkin ya rufe ko'ina babu ɓaraka, manhajar za ta mayar da shi dunƙule. In kuma abu ne mai siririn bango, sai ka ba fatar kauri, ka ce milimita 2 ko 3.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa mana a aji ba. A wajen kwamfuta, shi kansa dunƙulen da muke zanawa fatu ne da aka ɗinke suka rufe. Bulo mai fuska shida, fatu shida ne. Don haka wanda ya iya fata ya fahimci abin da ke faruwa a ƙarƙashin dunƙule. Ranar da filet ya ƙi fita, manhajar ta jefo maka jan rubutu, shi ya san abin da ya hana, zai goge fuskar da ta rikice ya gina wata da hannu. Wanda bai sani ba kuwa sai ya yi ta rage girman filet ɗin yana fatan dacewa.

Abin ya girmi kwamfuta

Masu tsoron fannin suna ganin kamar wani sabon lissafi ne da Turawa suka ƙirƙiro jiya. Alhali daga hannun masu sana'a ya fito. Masu ƙera jiragen ruwa a Turai sukan shimfiɗa zanen jirgi da cikakken girmansa a daɓen wani babban ɗaki. Don su sami layi mai santsi, sai su ɗauko siririn katako mai tanƙwaruwa, su danne shi da gumakan dalma a wurare kaɗan, katakon ya lanƙwasa da kansa, su bi gefensa da fensir. Sunan wannan katako ne sifilayin, kuma sunan ɗakin ne ya zama lof. Maɓallan nan biyu da muke dannawa a manhaja daga can suka samo suna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji magabata, ashe injiniyoyin jirgi ma sun san haka.

Da kamfanonin mota suka so injin ya riƙa sassaƙa musu mazubin bodi, sai aka buƙaci a mayar da katakon nan lissafi. A Faransa, Paul de Casteljau ya fito da hanyarsa a kamfanin Citroën a 1959, amma kamfanin ya ɓoye aikin. Pierre Bézier na kamfanin Renault ya yi irin nasa a shekarun 1960 ya kuma bayyana shi, shi ya sa layin ke ɗauke da sunansa har yau. A Amurka, Steven Coons na jami'ar MIT ya nuna yadda za a cike fili tsakanin layuka huɗu da fata guda. A 1975 kuma Ken Versprille ya rubuta kundin digirinsa na uku a jami'ar Syracuse kan abin da ya zama NURBS, wato lissafin da SolidWorks da CATIA da Rhinoceros da sauransu ke aiki da shi yanzu. Shi Bézier injiniyan kayan aiki ne a masana'anta, matsalar cikin wakshof yake neman magani. Irinmu ne, mutumin fasaha.

Nan gida ma ilimin yana nan a hannu. Je ka Panteka a Kaduna, ko layin masu gyaran bodi na kowane gari, ka kalli fanal-bita yana shafa ƙofar mota da tafin hannu, yana karkata kai yana duban yadda haske ke kwanciya a jikinta. Bai san G2 ba, amma ita yake nema. Mai yin bokiti da mazurari da kwano ya san cewa akwai siffar da ke naɗuwa daga shimfiɗaɗɗen ƙarfe ba tare da duka ba, akwai kuma wadda sai an sa guduma an miƙar da ƙarfen. Bututu da mazurari suna warwaruwa su kwanta a tebur, ƙwallo ba ya yi. Ɓare lemo ka gwada shimfiɗa ɓawon, sai ya tsage. Masanin lissafin nan na Jamus, Gauss, ya kafa hujjar wannan tun 1827. Mu da muka yi darasin warware siffofi a zanen fasaha da kamfas da rula, mun riga mun sa ƙafa ɗaya a ciki ba mu sani ba.

Inda sabon shiga ke faɗuwa

Na farko, gaggawar zuwa ga fata kafin a iya layi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: fata ba ta taɓa fin layukan da aka gina ta da su kyau. Layin Bézier mai daraja ta uku ɗigo huɗu kacal yake da shi. Yana farawa a na farko, ya ƙare a na huɗu, biyun tsakiya kuma ba ya taɓa su, jan sa kawai suke yi kamar maganaɗisu. Da waɗannan huɗun za ka iya fitar da gefen buta daga gindi zuwa wuya. Amma sabon shiga sai ya sa hoto a baya, ya yi ta danna ɗigo ashirin ko talatin yana bin gefen hoton, yana ganin yawan ɗigo shi ne ƙwarewa. Daga nesa layin lafiya lau. Kunna matajin lanƙwasa, wato tsinkayen nan da manhaja ke jerawa a bayan layi don nuna ƙarfin lanƙwasarsa, sai ka ga sun yi sama da ƙasa kamar haƙoran zarto. Kowane ɗigon da ka ƙara wata dama ce ta samun ƙulu. Ƙa'idar ita ce ka yi da mafi ƙarancin ɗigon da zai ba ka siffar.

Na biyu, rashin sanin yadda fatu biyu ke gaisawa. Matakai uku ne, kuma duk wanda ya riƙe su ya ci rabin fannin. G0 shi ne sun taɓa juna kawai, akwai kaifi a tsakani, kamar kusurwar tebur. G1 shi ne sun haɗu suna kallon hanya ɗaya, yatsa ba ya jin kaifi. Filet ɗin da muka saba sawa G1 ne: shimfiɗaɗɗiyar fuska ba ta da lanƙwasa sam, sai kwatsam a faɗa cikin da'ira. Yatsa ba ya ji, amma haske yana tona asiri, za ka ga wani layi a inda suka haɗu. G2 shi ne ƙarfin lanƙwasar ma ya zo daidai a mahaɗar, haske ya wuce sumul. Don duba wannan ne manhajoji ke da zanen jakin dawa, ratsin baƙi da fari da ake haskawa a jikin abu. In ratsin ya tsinke a mahaɗa, G0 ne. In ya haɗu amma ya yi gwiwa, G1 ne. In ya zarce ba tangarɗa, ka samu G2. Kamfanonin mota da jerin dogayen fitilu suke yin wannan dubawa a jikin bodi, manhaja kwaikwayonsu ta yi.

Na uku, manta cewa fatar NURBS kamar yadi take, tana da zaren tsaye da na kwance, don haka gefe huɗu take so. Idan ka tilasta mata cike fili mai gefe uku, sai zaruruwan su tattaru a ɗigo guda, wurin ya tsuke, kuma nan ne za ta ƙi karɓar kauri daga baya. Tela ba ya saƙa yadi mai siffar wuyan riga. Yadi mai kusurwa huɗu yake shimfiɗawa ya sa almakashi. Haka ake yi a nan: gina fata babba mai gefe huɗu da ta zarce inda kake so, sannan ka datse ta.

Na huɗu, zana abu duka alhali rabinsa ya isa. Buta, hular kwano, tankin babur, duk gefen dama da na hagu iri ɗaya ne. Zana rabi, ka sa madubi. Sai dai ka tabbata fatar ta iso layin tsakiya a miƙe, in ba haka ba za ka ga wani ƙashin baya ya fito a tsakiyar abin bayan ka haɗa.

Duba fa, a cikin huɗun nan babu wanda ya buƙaci lissafin da ya fi ƙarfin ɗan ND I. Ido ake so da haƙuri.

Masu cewa a bari

Na san abin da wasu za su ce, don ana faɗa a kafteriya da ƙarƙashin bishiya.

Wasu malamai da manyan ɗalibai suna cewa a ƙware a dunƙule tukuna. Akwai gaskiya a ciki. Wanda bai iya ɗaure zanensa da awo ba, bai san filen ɗin sama da na gaba ba, ba shi da abin yi da sifilayin. Amma wannan tushe aikin makonni ne, mu kuwa mun mayar da shi aikin shekara biyu. Kuma ko furojet ɗin da muka saba yi ba su tsira daga fata ba. Injin sussukar masara, injin niƙa, injin ɓare gyaɗa, kowanne yana da mazubin hatsi a sama, sau da yawa mai baki murabba'i da gindi da'ira. Wannan lof ne tsantsa, kuma sai an warware shi a shimfiɗe kafin a yanka ƙarfe. Sau nawa muka ga an kai wa mai walda zane babu wannan, shi ya yanka da ido, a dawo a rubuta a rahoto cewa an ƙera bisa zane?

Wasu kuma su ce, "A Najeriya wa ke ƙera mota da za ka wahalar da kanka?" To ai ba mota kaɗai ke da lanƙwasa ba. Kano tana da masana'antun roba a Sharaɗa da Challawa da Bompai. Kujerar roba, kular abinci, jarka, gorar ruwa, bokiti, takalmin roba, kowanne daga mazubi ya fito, kuma kowane mazubi wani ne ya zana shi a kwamfuta. Da yawa daga cikin mazuban nan daga waje ake sayo su da dala. Ranar da ɗaya ya lalace, ko mai kamfani ya so canza siffar gora don ta bambanta da ta abokin gasa, wa zai zana? Ga fuka-fukin fanka, ga farfelar cikin injin ban ruwa da manoman rani ke dogaro da shi, wadda ƙarfin turo ruwanta yana cikin yadda aka lanƙwasa ta. Ga ƙafar roba ta waɗanda suka rasa gaɓa, wadda kwandon da dungun ke shiga dole ya bi siffar jikin mutum, in ba haka ba ya yi masa gyambo. 'Yan zanen gine-gine ma ba a bar ku a baya ba: kubba da rufin filin wasa da rumfar tamfol duk fatu ne. Motar ma ai muna da tarihinta, an fara harhaɗa Peugeot a Kaduna tun 1975, ga kuma Innoson a Nnewi. Rashin masu iya zanen yana cikin dalilan da suka sa muka tsaya a harhaɗawa.

Sai masu cewa laftof ɗinsu ba ta da ƙarfi. Wallahi buta ba ta buƙatar kwamfutar miliyan. Abin da ke cin ƙarfin na'ura shi ne haɗa inji mai ɗaruruwan sassa, ko fitar da hoto mai sheƙi. Layuka goma da fatu shida, tsohuwar laftof ta kasuwa za ta ɗauka. Abin da ba a yi sai da shi maus ne mai taya a tsakiya. Batun manhaja kuma, FreeCAD kyauta ce, ba ta neman intanet bayan an sauke ta, kuma a ƙarshen 2024 ta fitar da sigarta ta 1.0. Kamfanin Autodesk yana ba ɗalibai lasisin shekara guda kyauta idan suka nuna shaidar ɗalibta, har da Fusion. Onshape a cikin burauza take aiki, sai dai tana cin data. Rhinoceros, wadda aka gina ta musamman don fata, tana ba da gwajin kwana 90. A SolidWorks kuma maɓallan fata suna nan, shafinsu ne kawai ba ya fitowa sai ka kunna shi da kanka, shi ya sa wasu suka shekara biyu da manhajar ba su taɓa ganinsa ba. Da duk wannan, ban ga dalilin yawo da filas ana raba manhajar sata mai ɗauke da bairos ba, wadda za ta iya cinye maka furojet ana saura mako guda difens.

Na baya-bayan nan su ne masu cewa ƙirƙirarriyar basira za ta yi komai, ka ba ta hoto ta fito maka da siffa. Haka ne, tana fitarwa. Amma yawanci abin da take bayarwa tarin ƙananan alwatika ne, irin na fayil ɗin STL, wanda ya isa a kalla a allo ko a buga a firintar 3D. Mai sassaƙa mazubi a injin CNC fayil ɗin STEP yake so, mai fatu masu tsabta da awo na gaskiya. Yana so bangon ya ɗan karkata, kamar digiri 1 zuwa 2, don robar ta zame ta fito daga mazubi. Yana so kauri ya zama bai ɗaya, don inda roba ta yi kauri da yawa takan lotsa in ta huce. Yana so a nuna masa inda rabi biyu na mazubin za su rabu. Juya butarka ka duba, za ka ga wani siririn layi ya zagaye ta, nan ne mahaɗar. Ko da na'ura ta koyi yin duk wannan gobe, sai an sami mutumin da zai duba ya ce ya yi ko bai yi ba. Wanda bai taɓa yi da hannunsa ba, da me zai duba?

Abin da ke gabanmu

Mu daina ɓoye wa juna. Bayan ND akwai shekarar IT kafin a dawo HND, kuma kowa ya san yadda neman wurin yake. Kowa ya san kallon da ake yi wa takardar foli idan aka ajiye ta kusa da ta jami'a. Amsar da muke bayarwa kullum ita ce mu mun fi iya aikin hannu. To a fannin zane, ina shaidar? Kowa yana rubuta "AutoCAD" a takardar neman aiki, har wanda ya yi kwas ɗin mako biyu a shagon kwamfuta. Amma ka shiga ofishin manajan masana'anta da laftof, ka buɗe gorar da kamfaninsa ke yi, ka juya ta, ka kunna zanen jakin dawa, ka nuna masa inda ka sa karkatar bango, nan take hirar za ta canza. Gani ya kori ji. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, ba a ranar intabiyu ake koyon wannan ba.

'Yan uwa mata, wannan fanni naku ne kamar yadda yake na kowa. Babu ɗaga ƙarfe, babu tsayuwa gaban wuta. Wadda ta taɓa yanka hannun riga ta ga yadda shimfiɗaɗɗen yadi ke zagaye kafaɗa, ta riga yawancin mazan ajinmu fahimtar abin da ake nufi da warware fata.

Wata guda ya isa a fara

Ga wanda ya ji zai gwada, ga tsarin da nake ganin zai yi, awa ɗaya a rana.

Makon farko, kar ka taɓa fata. Layi kawai. Ɗauki hoton ludayi, ganyen mangwaro, gefen tankin babur, ka sa a bayan zane, ka bi kowanne da ɗigo huɗu zuwa shida, matajin lanƙwasa a kunne. In tsinkayen ba su jeru lafiya ba, matsar da ɗigo, kar ka ƙara wani.

Mako na biyu, hanyoyi huɗu na asali: ja layi a miƙe, juya shi a kan sanda, tura siffa ta bi hanya, da haɗa siffofi biyu ko uku da lof. Yi kofi, yi mazurari, yi mariƙi, yi mazubin hatsi. Ɗinke kowanne ka ba shi kauri.

Mako na uku, mahaɗa. Zana cokali. Kansa fata ɗaya, mariƙinsa fata ɗaya, sai ka bar fili a tsakani ka cike shi da G0, ka sake da G1, ka sake da G2, kana duba ratsin kowane lokaci. A nan ido ke buɗewa.

Mako na huɗu, buta. Auna ta da baniya da tef. Jikin juyawa ne, hancin lof ne, mariƙin turawa ne. Wahalar tana inda hanci ya shiga jiki, kuma a nan za ka yi amfani da duk abin da ka koya. Idan ta ɗinku ta zama dunƙule, sa manhajar ta lissafa maka yawan ruwan da za ta ci, ka cika ta gaskiyar da ruwa ka auna, ka ga ko sun zo ɗaya. Wannan gwajin ba ya karɓar cin hanci.

Kira ga ƙungiya da malamanmu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗalibi zai iya koyo shi kaɗai a YouTube, amma data da wutar lantarki suna kayar da mai niyya. Don haka ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su ɗauki abu huɗu zuwa gaban hukumar makaranta.

Ɗaya, a riƙa buɗe ɗakin kwamfuta da yamma ko da kwana biyu ne a mako, da wuta, a sa ɗalibai amintattu su kula da shi. Kwamfutar da ke kulle a ƙarƙashin leda tsufa take yi ko an taɓa ta ko ba a taɓa ba. Biyu, a sauƙaƙa wa ɗalibai samun imel na makaranta ko takardar shaida da za su yi rajistar lasisin ɗalibai da ita. Wannan ba ya cin ko sisi. Uku, a makon ɗalibai mai zuwa, a ware wani abu daga kuɗin da ake kashewa a kiɗa da kanofi a sa gasar zane: a ajiye abu ɗaya a tebur, a ba da awa uku, wanda nasa ya ɗinku kuma awonsa ya fi kusa da na gaskiya ya ɗauki kyauta. Huɗu, a gayyato tsohon fanal-bita da mai yin mazubi su yi mana magana a zaure, a karrama su kamar yadda ake karrama baƙo mai kwat.

Ga malamanmu kuma, cikin girmamawa: mun san manhajar karatu daga NBTE take zuwa, kuma mun san lokaci ya yi kaɗan. Amma abin da hukumar ta gindaya mafi ƙarancin abin da za a koyar ne, bai hana ƙari ba. A cikin asamen biyar na faranti mai huji, a mayar da ko guda ɗaya ya zama cokali. A wajen difens kuma a riƙa tambayar ɗalibi ya buɗe fayil ɗinsa ya juya a gaban kowa, ba hoton da aka manna a babi na uku kaɗai ba.

Mu 'yan shekarar ƙarshe lokacinmu ya kusa ƙarewa, amma wata guda bai fi ƙarfinmu ba kafin a fita. Ku kuma 'yan ND I, kuna da abin da mu ba mu da shi, wato shekara guda cur a gaba. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku yi karo-karo ku sayi maus, ku raba data, ku fara da layi. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya.